RA'AYINMU: Yaƙi da annoba, mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo



Duk wanda ya daɗe yana zaune a Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 a Legas, ko Sabo ta Badun da ta Shagamu, ko Ama Hausa ta Owerri, ko Bogobiri ta Kalaba, ya san yadda labarin ɓarkewar cuta yake iso mana. Da farko sai mu ji ƙishin-ƙishin a bakin mai shayi. Bayan kwana biyu sai mu ga mota ɗauke da lasifika tana zagaya babban titi, ana shela da Turanci da harshen 'yan gari, ba ta ko leƙo lungunanmu ba. Daga nan kuma sai a wayi gari a ga duba-gari da 'yan sanda sun iso bakin kasuwa da kwaɗo da sarƙa. Tsakanin ƙishin-ƙishin ɗin nan da rufe kasuwar, da wuya ka ji an kira Sarkin Hausawa ko liman ko shugabar mata an ce, ga abin da ke faruwa, yaya kuke ganin za a ɓullo masa?

Wannan shi ne abin da muke son mu tsaya a kansa a wannan fitowa. Matsayin wannan ƙungiya shi ne, zama da mu a teburin shawara idan annoba ta taso haƙƙinmu ne na 'yan ƙasa, kuma shi ne hanya mafi sauƙi da hukuma za ta bi ta kashe wutar tun tana ƙarama. Maƙwabtanmu Yarabawa suna da karin magana mai cewa ba a yi wa mutum aski ba ya nan. Mu kuma Hausawa muka ce mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Maganar duk ɗaya ce.

Bari mu fara da abin da doka ta tanada, domin da yawa daga cikinmu suna ɗauka cewa tunda ba mu da takardar shaidar asalin ƙaramar hukumar da muke zaune, to ba mu da bakin magana. Sashe na 41 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin zirga-zirga da zama a duk inda ya ga dama a faɗin ƙasar nan. Sashe na 42 kuma ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa ko garin da ya fito ko addininsa. Bugu da ƙari, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 20, ta haramta wa kowane asibiti ko ma'aikacin lafiya ya ƙi karɓar wanda ke buƙatar taimakon gaggawa bisa kowane irin dalili, har ta tanadi tarar Naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba ga wanda ya saɓa. Har ila yau dokar ta ce a yi wa majiyyaci bayanin halin da yake ciki, gwargwadon iko, da harshen da yake ji, tare da la'akari da ko ya iya karatu ko bai iya ba, kuma a rufa masa asirin ciwonsa. Babu inda aka ce sai ɗan asalin jiha kaɗai ke da waɗannan haƙƙoƙi.

Shi kansa tsarin kiwon lafiya matakin farko a kan sa hannun jama'a aka gina shi. Taron duniya da aka yi a Alma-Ata a 1978 ya amince cewa jama'a suna da haƙƙi, kuma nauyi ne a kansu, su shiga cikin tsarawa da gudanar da harkar lafiyarsu. Marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda ya riƙe Ma'aikatar Lafiya daga 1985 zuwa 1992, a kan wannan turba ya ɗora ƙasar nan. Daga nan ne aka samo kwamitocin raya mazaɓa, waɗanda aka ɗora wa alhakin sa ido a kan ƙananan asibitocin gwamnati da isar da saƙo tsakanin ma'aikata da jama'a. Tambayar da za mu yi wa kanmu ita ce: a mazaɓar da kake zaune, kake biyan haraji da kuɗin shara da kuɗin rumfa, mutum nawa ne daga unguwarmu a cikin wannan kwamiti? Da yawanmu ma ba mu san da zamansa ba.

Tarihi ya nuna mana abin da ke biyo baya idan aka yi shawara a bayan idon mutane. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a wani gwaji da ya haɗa da yara kimanin 200. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa, iyaye kuma suka ce ba a yi musu bayanin cewa gwaji ake yi ba. An yi ta shari'a har sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan Dala miliyan 75. Amma kafin a kai ga sasantawar, ɓarna ta riga ta auku a zukatan jama'a. A 2003 aka dakatar da ɗigon rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin Arewa saboda zargin cewa an gurɓata shi, a Kano ba a koma ba sai a watan Yulin 2004, bayan an kawo wanda aka sarrafa a Indonesiya. A wannan tsakani cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama waɗanda a da sun rabu da ita, yaran da suka shanye kuma har yau suna nan muna ganinsu.

To me ya juya al'amarin? Dawowa aka yi wajen mutane. A 2009 Mai Alfarma Sarkin Musulmi Muhammad Sa'ad Abubakar ya haɗa kwamitin sarakunan Arewa a kan kiwon lafiya matakin farko. Hakimai da dagatai da masu unguwanni suka shiga gaba, sarakuna suka ɗiga wa 'ya'yansu da jikokinsu a bainar jama'a, aka ɗauki dubban mata 'yan unguwa suna shiga gida-gida suna magana da 'yan uwansu mata, waɗanda cutar ta nakasa su ma suka fito suna ba da shaida da bakinsu. An sha wahala, har an kashe mata masu aikin rigakafi a Kano a watan Fabrairun 2013, Allah Ya jiƙansu. Amma a 2016 aka ga yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar cutar ta daji ta kama a Borno, kuma ranar 25 ga Agustan 2020 aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da ita. Maganin da aka ƙi a 2003 da wanda aka karɓa daga baya aikinsu ɗaya. Bakin da ya kawo saƙon ne ya sauya.

Mu da ke Legas da Fatakwal ba za mu manta da 2014 ba. Ranar 20 ga Yuli wani ɗan Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka a filin jirgin saman Murtala Muhammed ɗauke da cutar Ebola. Marigayiya Dakta Stella Adadevoh ta hana shi fita daga asibiti duk da matsin lambar da aka yi mata, ita ma cutar ta kama ta, ta rasu a watan Agusta. Mutum 20 suka kamu a ƙasar nan, 8 suka mutu, kuma ranar 20 ga Oktoba Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce Nijeriya ta fita. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne yadda aka yi aikin. An bi sawun mutum kusan 900 da suka yi mu'amala da masu cutar, aka kai musu ziyara ido da ido fiye da sau 18,000, kuma waɗanda suka ja ragamar aikin, irin su Dakta Faisal Shuaib, a fagen yaƙi da shan inna suka koyi bin gida-gida. Bin sawu kuwa ba ya yiwuwa sai an sami wanda zai ce, wane a ɗaki kaza yake kwana, jiya ya bi mota zuwa gari kaza. A unguwa irin tamu, wa ya san wannan in ba mai masauki da shugaban tasha ba?

A wannan shekarar dai muka ga ƙarfin ji-ta-ji-ta. Cikin dare ɗaya a watan Agusta, waya ta yi ta ƙara kafin asuba, ɗan'uwa na kiran ɗan'uwa daga Kurmi zuwa Arewa, daga Arewa zuwa Kurmi, wai a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha. An ba da rahoton rasuwar aƙalla mutum biyu, wasu da dama kuma sai da aka kwantar da su. Saƙon ƙarya ya isa kowane gida kafin gari ya waye saboda ta bakin wanda aka yarda da shi ya bi. Da a ce tun farko hukuma tana da lambobin limamai da shugabannin kasuwa, tana kuma aiko musu da bayani da Hausa, da saƙon gaskiya ma ta wannan hanya zai bi.

Ƙasashen da Ebola ta fi yi wa ɓarna su ma sai da suka koyi wannan darasi da tsada. A Gini, a watan Satumban 2014, mutanen ƙauyen Womey suka kashe mutum takwas daga cikin ayarin da ya je wayar musu da kai, saboda tsoro da rashin yarda. A Saliyo da Laberiya mutane sun riƙa ɓoye gawa domin kada a ɗauke ta a jaka ba wanka ba salla. Sai da aka zauna da malaman Musulunci da na Kirista aka fito da tsarin jana'iza wanda ya kare masu rai bai kuma wulaƙanta mamaci ba, aka amince da taimama a madadin wanka, da likkafani, da barin dangi su tsaya daga nesa su yi salla, sannan jama'a suka fara kiran ma'aikata da kansu. Wannan batu ya shafe mu kai tsaye, domin babu Bahaushen da zai miƙa gawar mahaifinsa ga wanda bai san yadda za a yi da ita ba.

Sai kuma korona. An sami mutum na farko a Legas ranar 27 ga Fabrairun 2020, Shugaba Muhammadu Buhari kuma ya ba da umarnin kulle Legas da Ogun da Abuja daga 30 ga Maris. Ba mu ce kullen ba shi da dalili ba. Amma wanda ya tsara shi bai tambayi yadda ɗan dako da mai gyaran takalmi da mai yankan farce da ɗan garuwa za su ci abinci ba, mutanen da sai sun fita suke samun na tuwo, wasunsu ma su goma suke kwana a shago ɗaya. A makonni biyun farko, Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18 wajen tilasta dokar kulle, adadin da ya zarce na waɗanda cutar ta kashe a lokacin. Kayan tallafi kuma, koke-koken da suka yi ta iso mana daga unguwanni sun nuna cewa inda aka raba ta hannun masu gidajen haya da 'yan siyasar mazaɓa, wanda ba ya cikin rajistarsu bai gani ba. A watan Oktoban wannan shekara kowa ya ga yadda aka fasa rumbunan da aka tara kayan a garuruwa da dama.

A can gida ma darasin ɗaya ne. A watan Afrilun 2020 masu haƙar kabari a Kano ne suka fara cewa gawawwakin da ake kawowa sun wuce ƙima. Daga baya Ministan Lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya bayyana cewa binciken da aka yi ya gano mutuwar mutum 979, kuma rabi ko fiye da haka na da alaƙa da korona. Mai haƙar kabari bai yi karatun likita ba, amma ya riga kowa gani.

Akwai kuma wani haɗari da ya keɓanta da baƙo. Idan cuta ta ɓarke, ido yakan koma kan wanda ake ganin ba ɗan gari ba ne. Wannan tsohon abu ne. Lokacin da annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta faɗa wa Kumasi a 1924, Turawan mulki sun rushe gidaje a tsohon Zango suka tashi mutane. A Legas ma wannan annoba ce, wadda ta fara a 1924, ta sa aka kafa hukumar raya birni a 1928 aka rushe unguwannin talakawa irin su Oko-Awo. A 2020 mun ga yadda aka riƙa tare manyan motoci a kan iyakokin jihohin Kudu ana sauke matasan Arewa ana mayar da su, har maganar ta tashi daga batun lafiya ta koma wai an turo su ne da wata manufa. Gaskiya ne cewa an hana tafiya tsakanin jihohi a lokacin, kuma wanda ya ɓuya a cikin shanu ya karya doka. Amma laifin wasu ya zama abin jifan duk mai hula da doguwar riga. Haka nan da kwalara ta ɓarke a Legas a watan Yunin 2024, jami'an jihar suka danganta wasu daga cikin waɗanda suka kamu da wani kunun aya mara rajista da ake sayarwa a robobi. Kowa ya san su wa ke kawo aya da dabino kasuwa. Idan babu namu a wurin da ake tattauna irin wannan, ba mai bambance gurɓataccen ruwan da wani ya dama kunu da shi da buhun ayar da bawan Allah ya ɗauko daga Arewa.

To amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Mu ma muna da namu laifin, kuma wannan mujalla ba za ta rufe ido a kansa ba. Na farko shi ne ɗabi'ar nan ta "a kai shi gida". Da zarar ciwo ya yi tsanani sai a yi karo-karo a sa mutum a mota, ya yi kwana ɗaya ko biyu a hanya yana amai da gudawa a tsakiyar fasinjoji, in ya isa da rai ya kai wa iyalinsa abin da ya ɗauko. Mai kwalara ruwan jikinsa ne ke ƙarewa, yana iya mutuwa cikin sa'o'i kaɗan, alhali da an fara ba shi ruwan gishiri da sukari an garzaya da shi asibiti mafi kusa, da yardar Allah zai tashi. Addininmu ma ya hana fita daga garin da annoba ta sauka ko shiga cikinsa, kuma Sayyidina Umar ya juya da tawagarsa daga hanyar Sham da ya sami labarin annoba a can. Na biyu shi ne ɓoye mara lafiya don tsoron kada a rufe gida ko rumfa. Na uku, wasunmu har yau suna rufe ƙofa idan masu rigakafi suka zo, alhali mashaƙon da ya yi ɓarna a Kano da maƙwabtanta a 2023 yaran da ba a yi wa allura ba ya fi kamawa. Na huɗu shi ne halin da makewayi da magudanan ruwa suke ciki a wasu kasuwanninmu da masaukanmu. Wanda ke neman a saurare shi, sai ya fara share ƙofar gidansa.

Saboda haka muna kira ga gwamnatocin jihohi da shugabannin ƙananan hukumomin da muke zaune a cikinsu da su yi abubuwa huɗu. Su ba unguwannin baƙi kujera a kwamitocin raya mazaɓa da kwamitocin ko-ta-kwana, namiji da mace, tun kafin wata cuta ta ɓullo. Su riƙa fitar da sanarwa da Hausa, a rubuce da boko da ajami, da kuma murya wadda za a tura ta waya, domin da yawa daga cikin mutanenmu da kunne suke karatu. Su ɗauki 'ya'yanmu da aka haifa a nan, masu jin Hausa da Yarabanci ko Ibo da Turanci, aikin rigakafi da bin sawu da tafinta a asibitoci. Sannan kafin a rufe kasuwa ko mayanka ko masauki, a zauna da shugabanninta a faɗi dalili da tsawon lokaci da abin da za a gyara a buɗe, idan kuma za a raba tallafi a yi rabon bisa wanda ke zaune a wurin, ba tare da tambayar asalinsa ba.

Ga sarakunan Hausawa da limamai da shugabannin sana'o'i kuwa, kada mu zauna jiran takardar gayyata. Kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka da kuma shugaban sashen lafiya. A je a gaishe su, a karɓi lambarsu, a ba su tamu. Kowace unguwa ta kafa ɗan kwamitin lafiya wanda zai haɗa da liman, da unguwarzoma, da wanzami, da mai kemis, da sarkin fawa, da shugaban 'yan garuwa, da shugaban tasha, da malamin makarantar allo, da masu wankan gawa maza da mata. Waɗannan su ne idon unguwa. Mai kemis ne ke fara lura cewa yau mutum biyar sun zo neman maganin gudawa daga layi ɗaya. Mahauci ne ke fara ganin dabbar da ta faɗi ta mutu jini na fita ta hanci, irin wadda bai halatta a feɗe ta ba balle a sayar. A tanadi littafi guda a rubuta gidaje da masaukai da adadin masu kwana a ciki, domin ranar da za a ce mutum nawa ne a unguwarku, kada mu tsaya kame-kame. Hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa tana da lambar kira kyauta, 6232. A rubuta ta a bangon masallaci.

Iyayenmu mata, ku ne kuke kwana da mara lafiya, ku ne kuka san yaron da aka yi wa allura da wanda ba a yi wa ba. A adana katin rigakafi kamar yadda ake adana takardar fili, a tafi da shi duk lokacin da za a je gida ko za a dawo. A kuma riƙe wannan awo: lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ƙaramin cokali shida na sukari a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri. A riƙa ba mai gudawa yana kurɓa a kan hanyar zuwa asibiti. Idan an kira taron kwamiti kuma, ku fito ku yi magana, domin shawarar da aka yanke babu ku ba ta wuce zaure.

Daga ƙarshe, duk wanda aka kora daga asibiti a halin gaggawa, ko aka yi masa wulaƙanci saboda harshensa ko shigarsa, ko aka tsallake gidansa wajen rabon magani ko gidan sauro, ya rubuta rana da wuri da abin da ya faru ya kawo ofishin ƙungiya. Za mu bi kadin maganar ta hanyar da doka ta tanada, cikin lumana da mutunta maƙwabtanmu, waɗanda rijiya ɗaya muke sha da su, kasuwa ɗaya muke ci, kuma cutar da ta shiga gidansu ba za ta tsaya a bakin ƙofarmu ba. Sabo ta Badun tun 1916 take, wasu daga cikinmu kakanninsu a nan aka binne su. Wanda ya yi shekara ɗari a gari ya isa a tambaye shi idan gari ya rikice.

Allah Ya kare mu da zuriyarmu daga annoba, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Ya kuma zaunar da mu lafiya da waɗanda muke zaune tare da su. Amin.